Kafin Ka Sayi Kwikwiyo, Binciki Gidan Da Ya Fito

Har zuwa 'yan shekarun baya, kare ba ya cikin dabbobin da ɗan boko a ƙasar Katsina yake zuba wa kuɗi. Na mafarauta ne da makiyaya, sai kuma wanda ke yawo a bayan gari yana tonon juji. Amma tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi jihar, har ta kai gwamnati ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, lissafin mutane da yawa ya sauya. Ma'aikacin da ya gina gidan gona a Kusada, da likitan da ke kiwon kaji a bayan Kankiya, da ɗan kasuwar da ya tara raguna a garinsu na haihuwa, kowa ya fara tunanin abin da zai farkar da maigadi idan dare ya tsala. Kowa ya san kare ba zai tare mai bindiga ba, amma yana jin motsin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, kuma ɓarawon kaji ko na akuya yana shakkar gidan da ake haushi.

Duk inda buƙata ta samu, kasuwa takan buɗe. Yau za ka ga hoton kwikwiyo a Facebook ko a WhatsApp, an yi masa wanka an ɗaura masa ƙyalle a wuya, an rubuta cewa daga Turai aka kawo iyayensa. Ka tura kuɗi, a saka shi a kwali, a ba direban motar Kano ko Kaduna ko Jos, ka je ka tarye shi a Gidan Mutum Ɗaya ko a tashar Kankiya. Ba ka ga uwarsa ba, ba ka san ranar da aka haife shi ba, ba ka taɓa haɗa ido da wanda ya sayar maka ba. Wannan shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Abin mamaki, mutumin da ba zai sayi ragon layya ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya tattaɓa gadon bayansa, shi ne zai karɓi dabbar da za ta shekara goma tana cuɗanya da 'ya'yansa ba tare da ya yi tambaya ko ɗaya ba.

Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, duk kwikwiyo ɗan wata biyu yana da ban sha'awa, kuma lafiyarsa da halinsa ba a goshinsa aka rubuta su ba. Suna hannun wanda ya zaɓi iyayensa ya haɗa su barbara, ya ciyar da uwarsa tana da ciki, ya rene shi a makonninsa na farko. Saboda haka mai kiwon ya kamata a fara bincika kafin a dubi kwikwiyon. Kuma kamar yadda za mu gani a gaba, mafarautan ƙauyuka irin su Bauranya, a ƙaramar hukumar Kusada, sun riga dillalan birni sanin rabin wannan karatu.

Na san akwai wanda zai ce, to ina ruwan Musulmi da cinikin kare tun farko? Tambaya ce da ta dace. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron shuka, ta kuma hana ajiye shi don sha'awa kawai. Game da ciniki, hadisi ya zo da hani a kan kuɗin kare, shi ya sa littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana sayar da karnuka, sannan ya ambaci cewa an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun, ɗaya daga cikin manyan Malikawa, yana cikin waɗanda suka halatta sayar da irin wannan, haka ma mazhabar Abu Hanifa. Masu sharhin Risalar sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, da aka tuna masa matsayin Imam Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wanda ke da shakka ya tuntuɓi malaminsa. Sai dai ko saye ka yi ko kyauta aka ba ka, nauyin bincike bai sauka daga kanka ba.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara a wannan ciniki. Babbar ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga ta cizo ko ta rauni, sannan ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. A jikin mutum wannan tafiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A jikin kare ma takan yi makonni ko watanni a ɓoye. Ma'ana, kwikwiyon da wani karen bayan gari ya ciza zai iya isowa gidanka yana wasa da kaɗa wutsiya. Kwikwiyo kuwa da baki yake wasa, kuma iyaye ba kasafai suke ɗaukar ɗan cizonsa a bakin komai ba. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin yaro, ya fara firgita da ganin ruwa, kusan babu mai tashi.

Hatta ƙasashen da suka kawar da cutar daga karnukansu, ta hannun kwikwiyo take komo musu. A shekarar 2004 wani matafiyi ya shigo da wata 'yar kwikwiya daga Maroko zuwa birnin Bordo na Faransa ta ɓarauniyar hanya. Ta mutu da cutar a watan Agusta, sai da hukumomi suka yi ta cigiyar duk wanda ya taɓa ta a wuraren bukukuwan da aka kai ta. A watan Yulin 2021 kuma Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe sama da ɗari da cutar ke yawo a cikinsu, har da Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne ɗaruruwan takardun rigakafi na bogi da aka kama a shekarar da ta gabata. Dokar da ta maye gurbin dakatarwar a watan Agustan 2024 ta hana shigar da karen da bai kai wata shida ba. Idan takardar bogi za ta iya kaiwa filin jirgin saman Amurka, ba za ta gagara kaiwa tashar Kankiya ba.

Mu a nan gida, kare yana tafiya mai nisa fiye da yadda muke zato. Kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, wadda ke ci duk Alhamis, fatake ne ke cika ta da karnukan da suka tattaro daga jihohin Arewa har da Jamhuriyar Nijar. Binciken da likitocin dabbobi na ƙasar nan suka yi a irin waɗannan kasuwanni ya gano ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar wasu karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Dillalin da ba ya kiwo da kansa, wanda ke karɓo kwiyakwiyai daga hannu daban-daban yana zuba su a keji ɗaya, ƙaramar kasuwar Dawaki ce ya buɗe a bayan gidansa ko da bai sani ba.

To yaya za ka gane mai kiwo na gari? Matakin farko shi ne ka taka da ƙafarka, domin gani ya kori ji. Mai kiwon da ya yarda da aikinsa gidansa zai kira ka. Wanda ya ce ku haɗu a gidan mai ko a bakin tasha, ko ya ce uwar tana can gona, akwai abin da ba ya so ka gani. Idan ka je, uwar za ka fara nema, ka gan ta tare da 'ya'yanta, ka ga alamar shayarwa a jikinta. Ka duba ko haƙarƙarinta sun fito, ko kunnuwanta sun cika da kaska, ko ƙazuwa ta cinye mata gashi. Ka lura da yadda take da mai ita. Karyar da ke laɓewa idan ubangidanta ya ɗaga hannu ta gaya maka irin riƙon da ake yi mata. Haushi a kan baƙo aikinta ne, musamman tana da 'ya'ya, amma ya kamata ta natsu idan mai ita ya tsawatar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan ka dubi wurin: akwai inuwa, akwai ruwa mai tsabta, ana share kashi? Hancinka zai ba ka amsa kafin idonka.

Na biyu, shekaru, ko in ce makonni. Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, 'ya'yan kuma sukan buɗe ido bayan kamar mako biyu, kuma bai kamata a raba su da uwa ba kafin mako takwas. Dillalai suna son sayarwa a mako huɗu ko biyar, domin daga nan kuɗin abinci yake fara hawa. Amma waɗannan makonni su ne makarantar kare. Wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shekara fiye da goma suna nazarin renon karnuka, kuma littafin da suka fitar a 1965 ya nuna cewa tsakanin mako na uku da na goma sha biyu ne kwikwiyo yake koyon sabo da 'yan'uwansa da mutane. A wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon iyakar cizo: in ya danna haƙori da ƙarfi, wasa ya tashi. Wanda aka cire da wuri, ko aka kulle a keji ba ya ganin kowa, matsoraci yake tashi, kuma matsoracin kare shi ne mai cizon yaron gida ya guje wa ɓarawo. In kana shakkar abin da aka gaya maka, buɗe bakinsa. Haƙoran nono 28 ne, kuma sukan kammala fitowa wajen mako takwas.

Na uku, katin rigakafi, kuma a nan ne ƙarya ta fi saurin tonuwa. Ana fara ba kwikwiyo maganin tsutsar ciki tun yana mako biyu, a riƙa maimaitawa. Allurar farko, mai kare shi daga cutar fabo mai sa amai da zawon jini da wasu cututtukan, ana yin ta ne tsakanin mako shida da takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako goma sha shida. Allurar haukan kare kuwa sai ya kai wata uku. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka ɗan mako shida ya ce an gama masa allurai duka, ko dai ƙarya yake yi ko bai san abin da yake faɗa ba, kuma kowanne daga ciki ya isa ka juya. Kati na gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar, da sunan likita da sa hannunsa. Karɓi lambar likitan ka kira shi a gaban mai kiwon. Ka kuma nemi katin uwar, domin a makonnin farko ita ce garkuwar ɗanta. Allurar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa ta. Sai dai dole a adana ta cikin sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8. Wadda ta wuni a jakar mai talla cikin rana ba abin dogaro ba ce.

Wani abokina ma'aikaci ya taɓa sayen ɗan mako biyar ta waya, da kati mai hatimi. Bai yi kwana goma ba ya fara amai da zawon jini, ya mutu. Da ya kira mai sayarwar, sai aka ce masa ajali ne. Cikin wata guda ya sake sayo wani daga wani wurin, ya saka shi a ɗakin da na farko ya kwanta, shi ma ya bi sahu. Likitan dabbobi ne ya bayyana masa cewa ƙwayar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, takan yi watanni da ranta a ƙasa da bango. Kwali ɗaya ya jawo masa asarar kare biyu, kuma Allah ne Ya kiyaye ba ɗaya cutar ba ce, domin 'ya'yansa sun yi wasa da su duka.

Na huɗu, asali. Tambayi mai kiwon haihuwa nawa karyar ta yi, kuma wane ne uban. Karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, mai kwaɗayi kuma ba ya barin ko ɗaya ta wuce, har sai ta zama ƙashi da fata. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, wadda aka kafa a 1873, ba ta yi wa 'ya'yan karya rajista idan ta riga ta haihu sau huɗu, ko an yi mata barbara ba ta cika shekara ba, ko ta kai shekara takwas. A Arewa akwai ƙarin matsala: karnukan waje na asali ba su da yawa, don haka wasu sukan haɗa uba da 'yarsa ko wa da ƙanwarsa, lahanin da ke cikin jini ya ninka. Karen makiyayan Jamus, wanda aka fi sani da Alseshan, da kuma Rotwaila, an san su da gadon ciwon kwatangwalo, wanda ba ya nunawa a kwikwiyo sai ya girma ya fara ɗingishi. A Turai hoton ƙashi ake ɗauka kafin a yarda kare ya yi barbara. Mu ma muna da asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. In mai kiwon bai kai can ba, to aƙalla ka ga iyayen sun tashi daga kwance sun yi gudu a gabanka, ka kuma nemi ya haɗa ka da mutum biyu da suka karɓi 'ya'yan haihuwar baya.

Mai kiwo na gari zai kuma gaya maka gaskiya game da yanayi. Kokeshiyan, wanda samari ke alfahari da girmansa, karen duwatsun Kokasus ne masu dusar ƙanƙara, gashinsa kamar bargo, nauyinsa yakan haura kilo 50. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, a watan Afrilu kuwa zafin Katsina yakan wuce digiri 40. Wanda ya sayar maka da shi bai tambaye ka inda zai kwana da bazara ba, kuɗinka kawai ya gani. Wannan ma ita ce alamar da na fi amincewa da ita: mai kiwon kirki shi ma sai ya yi maka tambayoyi. Gidanka yana da katanga? Akwai ƙananan yara? Wa zai ciyar da shi idan ka koma Abuja? Ɗaure shi za ka yi a turke dare da rana? Kuma zai yarda ku rubuta cewa kana da 'yan kwanaki ka kai shi wurin likita, in an sami ciwo ka mayar masa ya ba ka kuɗinka.

A nan ne zan komo kan mafarauta. Duk wanda ya zauna da masu farautar rani a yankin Bauranya da maƙwabtanta ya san yadda suke zancen karnukansu. Mafarauci zai gaya maka uwar karensa da kakarsa, wadda ba zomon da ke tsere mata, da wanda aka daina yarda ya yi barbara saboda tsoro ko cin kaji. Ba kowa yake ba kwikwiyo ba, sau da yawa ma ba ya sa masa farashi, tukwici ake ba shi, kuma ya san gidan da kowanne ya tafi. Abin da Bature ke rubutawa a littafin rajista, shi a kansa yake riƙe da shi. Karensa ya saba da zafinmu, ya fi na waje jure kaska, kuma ciyar da shi ba ta fi ƙarfin aljihu ba. Masu raina karen gida su tuna cewa Azawak, siririn karen Buzaye na kan iyakar Nijar da Mali, yanzu abin nema ne a Turai, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a 2019.

Inda mafarauci ya gaza shi ne allura. Karensa yana shiga daji yana gamuwa da dila da karnukan da ba su da mai su, kuma jiƙon da ake ba kare don ya yi zafin nama ba ya hana shi ɗaukar hauka. Shawarata ga mai neman karen gadi a gona ita ce ya haɗa ilmin biyu. Ya nemi mafaraucin da aka shaida, ya jira kwikwiyon ya cika mako takwas, ya kai shi asibitin dabbobi a makon da ya karɓe shi, kuma cikin tukwicin da zai bayar ya sa kuɗin allurar uwar da sauran karnukan gidan. Duk inda kwikwiyon ya fito, a nisanta shi da yara har likita ya duba shi. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, a killace karen kwana goma ana lura da shi.

Hukuma ma tana da nata rabon. Tun watan Afrilun 2020 Ingila ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, dole mai saye ya je wurin wanda ya yi kiwon ko gidan renon karnukan da aka yasar. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da nata shirin a 2022. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya da Ingawa ba. Hakimai da dagatai da shugabannin mafarauta sun san duk gidan da ke da kare. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da cutar, za ta iya zama ranar da malaman dabbobi za su zauna a ƙofar gidan dagaci da akwatin ƙanƙara, a yi allura, a kuma rubuta sunan duk mai kiwo don sayarwa.

Kafin hukuma ta motsa, ƙarfin yana hannun mai saye. Muddin muna tura kuɗi a kan hoto, za a ci gaba da raba kwikwiyo da uwarsa a mako huɗu, a buga masa kati a shagon kwamfuta. Ranar da masu saye suka fara cewa sai sun ga uwa, sai sun kira likita, masu wannan sana'a za su gyara ko su bar ta. Tafiyar yini ɗaya ce zuwa gidan mai kiwo, karen kuma shekara goma zai yi a ƙofarka. Allah Ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya.